DARASI: ZAƁEN KAYAN AIKIN LAMBUN GIDA

Kowane magidanci ya san nauyin cefane. Ɗan fili a bayan ɗaki yana iya ba iyali alayyafo, yakuwa, kuɓewa da tattasai, ya rage wannan nauyi. Amma mutane da yawa sukan fara lambu da ɗoki, su watsar kafin wata biyu, domin kayan aikin da suka saya sun karye ko sun gajiyar da su. Darasinmu na yau shi ne: kaya kaɗan masu ƙarko, waɗanda suka dace da ƙasarka da ƙarfinka, sun isa.

1. Dubi ƙasarka tukuna. Jigawa tana da laushi, fartanya kaɗai za ta iya da ita. Ƙasar laka takan ƙame da rani, tana bukatar garma mai nauyi. Inda akwai marmara ko tsakuwa, sai an fasa da diga. Tun da aikin rana ɗaya ne, aro ya fi saye.

2. Kaya biyar na farko. Garma domin kaftu da yin kunya. Fartanya domin noman ciyawa tsakanin shuka. Adda domin sassabe da saran itacen shinge, gama lambun da ba shi da shinge abincin awaki ne. Manjagara domin baje fangali da gauraya taki. Na biyar, butar ban ruwa mai baki mai ƙananan huji. Irin alayyafo da na latas ƙanana ne ƙwarai. Ruwan bokiti yakan kwashe su ya tara a gefe guda. Wanda ba shi da kuɗin buta ya huda gindin gwangwani da ƙusa, zai yi aiki. Baro da shebur suna iya jira har lambun ya faɗaɗa.

3. Gwada kafin ka biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ƙarfe mai sirantaka yakan lanƙwashe a saran farko. Ka nemi maƙeri wanda aka san aikinsa, domin idan kayan sun dakushe gare shi za ka koma. Ka duba ƙota: itace mai tauri kamar marke ko ƙirya, busasshe, ba tsaga, ba cin gara. Ka girgiza ta. Idan ruwan fartanya yana motsi, wata rana zai fita ya raunata wani. Ka kuma riƙe ta kamar kana noma, ka ji ko tsawonta ya dace da bayanka.

4. Tuna da mai yin aikin. A gidaje da yawa mata da yara ne ke ban ruwa safe da yamma. Lita 1 ta ruwa nauyin kilo 1 ce, saboda haka buta mai cin lita 10 ta fi ƙarfin ƙaramin yaro. A nema masa ƙarama, da fartanya daidai hannunsa.

5. Kula da abin da ka saya. Bayan aiki a kankare ƙasa, a shanya, a shafa ɗan man gyaɗa saboda tsatsa, a rataye inda yara ba za su kai ba. A riƙa wasa baki, gama dakusasshiyar adda ta fi gajiyarwa. Kada a taɓa zuba ruwa ko abinci cikin mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke wurin da sabulu, ya je asibiti a duba.

Tambayoyi domin tattaunawa:
(a) Wace irin ƙasa ce a gidanku, kuma wane kayan aiki ya dace da ita?
(b) Wane kaya ne maƙwabta za su iya haɗa kuɗi su saya tare?
(c) Wace gwauruwa ko tsoho a unguwarku za ku iya yi wa kaftu kafin lokacin shuka?