Darasi Na 14: Taimakon Kuɗi A Hannu

Ko wane manomi ya san watan da rumbu ya ke ƙarewa. Damina ta yi tsakiya, gero bai nuna ba, tuwo ya koma sau ɗaya a yini. A lokacin nan ne maigida ya kan bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani. Kafin ya dawo ciyawa ta cinye tasa. Wani ya kan ci bashin dami ɗaya, da kaka ya biya biyu. Wani ya kai akuyarsa kasuwa ya sayar da araha. Ashe yunwar bana ita ke haifar ta baɗi.

Akwai hanyoyin taimakon gida irin wannan. Ana raba hatsi, ana raba taki. Akwai kuma wata hanya, watau a danƙa wa mutum kuɗi ko wane wata. Ba rance ba ne, ba kuwa ladan aiki ba. Ba a tilasta masa abin da zai saya. Dalili kuwa, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo. Wannan gida hatsi su ke bukata, wancan kuwa kuɗin magani.

An gwada wannan hanya a Jigawa da Zamfara. Gwamnatin Birtaniya ta ba da kuɗin. Ƙungiyoyi biyu suka yi aikin, Save the Children da Action Against Hunger. An zaɓi ƙananan hukumomi biyar: Buji, Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, sai Anka da Tsafe a Zamfara. An fara biya cikin 2014, shirin ya ƙare cikin 2019.

Mata masu ciki aka ba kuɗin. Ko wace mace tana karɓar naira 3,500 a wata, tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu. Cikin 2017 aka mai da kuɗin naira 4,000. Don me aka zaɓi wannan lokaci? Don a cikinsa ne jikin yaro da ƙwaƙwalwarsa su ke ginuwa. Yaron da ya rasa abinci a lokacin nan ya kan tsumbure, gyaran kuwa da wuya daga baya.

Ba kuɗi kaɗai aka kai ba, har da ilmi. An yi bayani a rediyo da masallatan Jumma'a, an kuma nuna wa mata girki. An ce kada a zubar da dakashi, a ba jariri, gama yana kare shi daga cuta. An ce a ba shi nono zalla har wata shida, ba a haɗa da ruwa ba. Daga nan a ƙara masa abinci iri iri, kamar wake da ƙwai da gyaɗa da ganye.

To, ƙaƙa aka san abin ya yi amfani? An yi ƙuri'a tun da fari. Waɗansu ƙauyuka suka fara samu, waɗansu suka jira. Bayan shekara biyu masu bincike suka zaga, suka auna tsawon yara a ɓangarorin biyu. Ga abin da suka tarar. Cikin yara 100 da da sun tsumbure, wajen 8 sun tsira. Zawo da sauran rashin lafiya sun ragu. Yawancin kuɗin abinci aka saya da su, galibi kuwa matar ce ta yanke shawarar yadda za a kashe.

Waɗansu sun ce kuɗin kyauta ya kan sa lalaci. Ba haka aka gani ba. Matan da suka karɓa sun ƙara kama sana'a, sun ƙara kiwon dabbobi, sun kuma yi ajiya. Wannan ba abin mamaki ba ne. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A ce ga mace ta iya ƙuli-ƙuli, amma ba ta da kuɗin gyaɗa. Ran da ta sami jari sai ta ɗora kasko. In ta san wani kuɗin yana tafe wata mai zuwa, za ta iya shiga adashi ba tsoro. In adashi ya zo kanta ta sayi akuya. Akuya ta haihu, ran da ciwo ya shigo gida ba sai an taɓa rumbu ba. Mai nono da mai wake su ma sun sami ciniki, gama kuɗin a kasuwar ƙauye a ke kashe su.

Amma fa a lura. Kuɗi a hannu ba ya haƙa rijiyar gari, ba ya gina asibiti. In kaya suka yi tsada ƙarfinsa ya kan ragu. Kuma ko wane shiri yana da ranar ƙarewa. Saboda haka mai hankali ya kan raba kuɗin biyu, kashi ɗaya na tukunya, kashi ɗaya na jari. In irin wannan taimako ya zo garinku, ku tambayi nawa ne, har wata nawa. Ku ƙidaya kuɗinku a gaban mai biya kafin ku dangwala yatsa. Kada ku ba kowa ko kwabo don ya rubuta sunanku.

Tambayoyi

1. Me ke sa manomi ya bar gonarsa da damina?
2. Su wa aka ba kuɗi a Jigawa da Zamfara?
3. Mene ne amfanin dakashi ga jariri?
4. Mace tana karɓar naira 3,500 a wata. Nawa ta karɓa cikin wata 12?
5. In ta ajiye naira 500 ko wane wata, nawa ta tara a shekara?