Jakar Goyon Kyamara: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Yawancin kyamarorin da na ga sun lalace a hannun abokan sana'a, ba a wurin aiki suka lalace ba. A hanya ne: cikin adaidaita sahu, ko a but ɗin mota ƙarƙashin buhun wani fasinja, ko kuma a ɗaki, cikin jakar da aka rufe da danshi lokacin marka. Na daɗe ina ɗaukar hoton bukukuwan aure da taruka da hawan Sallah, kuma matasan da ke shigowa sana'ar nan ba sa gajiya da tambayata wace kyamara za su saya, wane gilashi ya fi fitar da hoto tar. Da wuya ka ji wani ya yi maganar jaka. Sai ka ga yaro ya shekara yana tara kuɗi, ya sayi kayan da suka kusa fin ƙarfinsa, sannan ya naɗe su da tawul ya zuba a jakar makaranta. Abin yana damuna ƙwarai, domin jaka ce mafi araha a cikin kayan aikinmu, kuma ita aka ɗora wa tsaron sauran duka.

Ni dai ƙaramar jakar goyo nake ba da shawarar a nema, irin wadda kamfanoni ke rubuta wa lita 10 zuwa 20. Dalilina nauyi ne, kuma lissafin ba shi da wuya. Kyamarar Canon 5D Mark IV da batirinta ta kai giram 890. Gilashin 24-70mm f/2.8 na kamfanin giram 805 ne, dogon gilashin nan na 70-200mm f/2.8 kuwa ya doshi kilo ɗaya da rabi. Waɗannan ukun kaɗai sun haura kilo 3. Ƙara filasha da batiranta, da caja, da gorar ruwa, da ita jakar kanta wadda ba ta rasa kilo ɗaya ko fiye, ka ga an wuce kilo 5 tun ba a yi zancen kwamfuta ba. Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki sun fi sauƙi, Sony A7 III giram 650 ce, amma manyan gilasansu ba su ragu da wani abin kirki ba. Wanda ya sayi babbar jaka sai ya cika ta, haka halin ɗan Adam yake. Zai ɗauko gilashin da ba zai taɓa ba a ranar, da igiyoyin da ba ya buƙata, ya goya su daga ɗaurin aure zuwa walimar dare. Kafin La'asar kafaɗa ta ƙage, hannu ya fara rawa, hoton kuma a nan yake fara lalacewa. Ƙaramar jaka tana tilasta maka ka zauna tun da daddare ka tambayi kanka: gobe me zan ɗauka, a ina zan tsaya, wane gilashi aikin yake so?

Kada ka fara daga kasuwa. Fara daga tabarma. Shimfiɗa kayan da kake fita da su a rana ta aiki, ba duk abin da ka mallaka ba, ka ɗauko tef irin na tela ka auna. Abu biyu suka fi ba mutane matsala. Na farko tsawon kyamara haɗe da gilashinta mafi tsawo, domin 70-200mm shi kaɗai ya kusa santimita 20, in aka haɗa da jikin kyamarar ya doshi 30. Idan jakar ba za ta karɓe su a haɗe ba, to duk lokacin da za ka ciro sai ka kwance ka ɗaura. Na biyu zurfin jakar: wanda ya sa wa kyamararsa gidan batir na ƙasa, ƙananan jakunkuna da yawa ba za su rufu a kanta ba sai da dole, kuma zif ɗin da ake ja da dole ranar mutuwarsa ta kusa. Adadin litar da aka rubuta ba ya gaya maka wannan. Je da kayanka shagon, ka zuba su a ciki a gaban mai shagon. In ta intanet za ka saya, nemi awon cikin jakar, ba na wajenta ba.

Maganar kwancewa da ɗaurawa ta kawo mu ga babban abokin gabarmu a ƙasar nan, wato ƙura. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, lokacin da dawakai suka taso a guje don jafi, ya san abin da nake nufi. Tun da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, sai ƙara samun masu ɗaukar hoto ake yi, baƙi da 'yan gida, kuma ana gane sabon shiga ne da ya cire gilashi a tsakiyar wannan turnuƙu. Da zarar ka buɗe bakin kyamara, ƙurar ta shiga ta zauna a kan sensa, sai ka dawo gida ka tarar da ɗige-ɗige a wuri ɗaya a kan kowane hoto, musamman inda sararin sama ya fito. Kyamarori marasa madubi sun fi shan wannan wahala, tun da a yawancinsu sensar a fili take da an cire gilashi. Daga watan Nuwamba zuwa Maris kuwa, ba sai an yi hawa ba, hunturu ya isa. Don haka ka duba zif da kyau: ya kasance yana da leɓen yadi da ya rufe shi, ko kuma irin mai shafin roba a sama. In ka ga tambarin YKK a kan marikinsa, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana kwaikwayonsa. Guji jakar da ke da raga ko ƙofofin iska da suka kai har ɗakin kyamara. Cikin jakar ya zama mai haske, toka-toka ko ruwan lemo, don ka riƙa ganin ƙurar da ta taru, ka kuma ga ƙaramin katin memori in ya faɗa lungu. In dole ce ta kama a canja gilashi a waje, a yi shi cikin bakin jakar, bakin kyamara yana kallon ƙasa, baya yana fuskantar iska.

Ta ina jakar take buɗewa? Wannan tambaya ta fi sunan kamfani muhimmanci. Akwai mai buɗewa ta gaba, akwai ta gefe, akwai ta baya, wato ɓangaren da ke manne da bayanka. Mai buɗewa ta gefe, irin Everyday ta Peak Design, ta fi sauri: ka zame maratayi ɗaya, ka juyo ta gabanka, ka zaro kyamara. Tana da daɗi ga mai ɗaukar hoton titi da kasuwa. Amma ni a aikinmu na cunkoso na fi natsuwa da mai buɗewa ta baya, irin Flipside ta Lowepro. Muddin tana goye, ba mai iya kai hannu ga zif ɗin, ko a tsakiyar Kantin Kwari ne ana jajibirin Sallah. Sannan in ka ajiye ta a ƙasa don ka buɗe, fuskarta ce ke taɓa ƙasa, ɓangaren da zai koma bayanka yana sama. Wanda ya taɓa aiki a bakin kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, inda ko'ina taɓo ne, ko wanda ya je ɗaurin aure da farar shadda, zai gane amfanin wannan. In tana da ɗamarar ƙugu ma ba sai ka ajiye ba, juyo ta kawai za ka yi ta zama maka ɗan teburi a gabanka.

Cikin jakar kuma, katangun soson da ke raba ɗaki-ɗaki su ne aikin. Su kasance masu cirewa da mannawa, don ka tsara su daidai kayanka, kowane abu ya zauna daram a gurbinsa kamar ƙwai a kiret. Matsa soson da yatsa biyu. In ya lotse har yatsunka suka haɗu, irin soson katifa ne, ba zai tare bugu ba, yana shan ruwa, kuma in ya tsufa yana marmashewa ya zama wata ƙurar. Mai kyau yana da tauri, yana dawowa nan take. Ƙasan jakar ya fi ko'ina buƙatar kauri, domin a nan take dira duk sa'ad da aka sauke ta. Bayan ka zuba kaya ka rufe, girgiza ta kusa da kunnenka. In ka ji ƙwas-ƙwas, wani abu yana dukan wani, kuma haka zai yi ta yi a kowane rami na hanya.

Damina tana da nata. Jaka mai kyau tana zuwa da rigar ruwa da ake zarowa daga ƙasanta a lulluɓe ta, kuma wannan rigar tana tare ƙura ma in kana kan babur. Sai dai ruwan sama ba shi ne ya fi ɓarna ba, danshin da ya kwana a ciki ne. Fumfuna tana tsirowa a cikin gilashin kyamara in ya daɗe a wuri mai duhu da laima, za ka ga wasu zare-zare farare kamar saiwa idan ka haska shi da tocila. In ta daɗe tana cin shafin da ke kan gilashin, ko an wanke ba ya komawa yadda yake. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Jos da Gembu, da na zangon Kumasi da Legas, sun fi mu sanin wannan, amma a watan Agusta Kano da Zariya ma ba su tsira ba. Jaka ta hanya ce, ba ma'aji ba ce. In ka dawo gida, fito da kaya, buɗe jakar ta sha iska. Ajiye gilasai a roba mai murfi da ke rufewa ruf, tare da ƙunshin silika, 'yan ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa busar da su ko canja su in sun ƙoshi. Saboda wannan dalili ne ba na ba da shawarar ajiye kyamara a jakar fata, duk da ina son aikin dukawanmu: fata tana riƙe danshi, fumfuna kuma tana son ta.

Zafi ma a kula. Littafin da ke zuwa da yawancin kyamarori yana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana kai haka. Baƙar jaka a cikin rufaffiyar mota da rana tsaka ta wuce nan nesa. Idan kuma ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri zuwa waje da damina, bar kyamarar a cikin jaka na ɗan lokaci, in ba haka ba gilashin zai yi gumi.

Goya ta kafin ka biya, da kaya a ciki, ka ɗan zagaya. Maratayan su zama masu faɗi da laushi, da ɗan maɗaurin ƙirji da ke hana su zamewa. Ja su da ƙarfi ka duba ɗinkin inda suka haɗu da jikin jakar, a nan ne mai arha take fara yagewa. Bayan ya kasance yana da hanyar da iska za ta bi. 'Yan'uwa mata da ke sana'ar nan, waɗanda yanzu su ne ke shiga inda maza ba sa shiga a wurin kamu da sa lalle, su lura cewa yawancin jakunkunan an yanka su ne a kan dogon baya. A gwada a kan hijabi ko mayafin da za a yi aiki da shi, a tabbata maɗaurin ƙirjin yana hawa yana sauka. Jakar da ba ta ɗauke da ƙaton tambarin Canon ko Nikon ta fi kwanciyar hankali, ba sai ka yi wa kowa shelar abin da ka goyo ba.

Mai tafiya ta jirgi, aikin Hajji ko Umara ko wani taro, ƙaramar jaka tana raba shi da gardama a filin jirgi. Kamfanoni da yawa kilo 7 suke yarda da shi a hannu. Batiran lithium na ajiya da fawa bank dole a hannu za su tafi, ba a cikin kayan awo ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce wanda bai wuce 100Wh ba yana wucewa, yawancin batiran kyamara kuwa ba su kai 20 ba. A rufe bakin kowane batir don kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi. A motar haya kuma, jakar a cinya take zama. Ko kwandasta ya matsa, kada ta shiga but.

Na san kuɗi ne ke hana da yawa. Sabuwar jaka ta Lowepro ko Think Tank ko Manfrotto ba ta kowa ba ce a wannan lokaci, kuma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da waɗannan sunaye. Ta hannu mai asali, in zif ɗinta da ɗinkinta lafiya suke, ta fi sabuwar jabu. Sai dai a shinshina cikinta, in tana warin fumfuna a bar ta komai arharta, domin za ta shafa wa gilashinka. Akwai kuma hanya ta uku da nake nuna wa masu koyo a wurina: a sayi akwatin soso mai ɗaki-ɗaki da ake sayarwa shi kaɗai, a zura shi cikin jakar goyo mai ƙwari da ake da ita. Tela mai hankali ma yana iya ɗinka irinsa in aka kai masa soso mai tauri da yadin da ba ya fitar da gashi.

Roƙona ga iyayen gida a wannan sana'a, masu situdiyo da masu ba da hayar kyamara: kada ku bar yaro ya fita da kayan aiki a jakar makaranta ko a leda. Ku ba shi jaka tare da kyamarar, ku nuna masa gurbin kowane abu, ku kuma duba cikinta in ya dawo. Kai kuma ƙanena da ke tara kuɗin kyamarar farko, sa kuɗin jaka a cikin lissafin tun yanzu, ka sayo su rana ɗaya.