Darasin Wannan Wata: Wa Zai Rubuta Mana Abin Karantawa?

Zuwa ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kebbe, Kuchi da sauran ƙauyukanmu.

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da manya ya san wata matsala. Mutum zai yi wata tara yana zuwa aji. Ya iya baƙi da wasali, ya iya rubuta sunansa, ya karɓi takardar shaida. Damina ta faɗi, ya koma gona. Bayan shekara biyu ka miƙa masa wasiƙa, sai ka ga yana ta in-ina. Ba rashin basira ba ne. Babu abin karantawa a gidansa, shi ke nan. Karatu kamar fartanya yake, in an jingine shi sai ya yi tsatsa.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Da aka buɗe makarantun boko a Arewa, an sami yara masu karanta Hausa, amma littattafan hira babu. Sai a 1933 wani Bature mai suna Rupert East, na ofishin fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Ku dubi waɗanda suka amsa kira. Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina, shekararsa 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, shi ma malami, ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar. Malamai ne suka ga ɗalibansu ba su da abin karantawa, suka zauna suka rubuta musu.

Mu ma nan kusa muna da misali. Alhaji Shehu Shagari ya yi elementare a Yabo, ya koyar a Sakkwato da Argungu tun kafin ya shiga siyasa. Yana malami ya tsara Waƙar Najeriya da Hausa, don yara su san garuruwa da kogunan ƙasarsu ba tare da wahala ba. Da aka ɗaga tutar yaƙi da jahilci a shekarun 1950 kuwa, hukumar NORLA ta buga wa larduna jaridunsu. Ta lardin Sakkwato sunanta Zaruma. Dattawan da suka yi aji a lokacin suna iya tuna ta.

Gwamnatoci sun yi shirye-shirye da yawa tun daga nan. A 1976 aka fara UPE, firamare kyauta ga kowane yaro. A 1990 aka kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa. A watan Satumba na 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da UBE, a nan birnin Sakkwato. An gina azuzuwa, wannan gaskiya ne, kuma mun gode. Amma a ganina an fi kula da gini da allo a kan littafin da yaro zai tafi da shi gida.

Ga kuma batun harshe. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 gwamnatin tarayya ta soke wannan, ta ce Turanci za a yi amfani da shi tun daga farko. Turanci yana da amfani, ba mai musu. Sai dai ni abin da na gani a aji shi ne, yaron da ya fara gane karatu da Hausa ya fi saurin kama na Turanci. In makaranta ta rage Hausa, to nauyin ya dawo kanku iyaye. Yaro ya ga littafin Hausa a ɗakin uwarsa, ya ji ubansa yana karantawa da dare.

Kada wani ya ce rubutu sai mai digiri. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga firamare aka yi mata aure tana yarinya. Daga baya ta shiga ajin manya irin naku. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda har an fassara shi da Turanci aka buga a ƙasar Indiya.

To, yaya ake fara labari? Ka zaɓi mutum ɗaya, ka ba shi suna na ƙage, kada ka sa sunan maƙwabcinka a jawo rigima. Ka ba shi abin da yake nema ido rufe. Misali, manomi ya ci bashin taki, zai biya da kaka, sai ambaliya ta cinye masa shinkafa a fadama. Mai bashi yana tafe ranar kasuwa. Me zai yi? Zai sayar da sansa na huɗa? Zai tafi cin rani ya bar iyali? Matarsa me za ta ce? Da ka amsa waɗannan, labari ya samu. Ka sa mutanen su yi magana yadda ake yi a garinku. In Sakkwatanci ya fito a bakinsu, ka bar shi, daɗi yake ƙarawa. Gyaran ƙa'idar rubutu aikin malaminka ne daga baya.

Aikin wannan wata: kowane ɗalibi, mace da namiji, ya rubuta labari na layi goma sha biyar a littafinsa na aji. Malamai su ware rana ɗaya kowa ya tashi ya karanta nasa a gaban 'yan'uwa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya faɗi da baki, na kusa da shi ya rubuta masa.