Daga Ina Ƙarfin Bugun Tamaula Yake Fitowa?

Wanda duk ya taɓa tsayawa da la'asar a filin wasa na Giginya, nan Sakkwato, lalle ya ga wannan abin mamaki: ƙato ya tunkuɗi tamaula da iyakar ƙarfinsa, ba ta je ko'ina ba, wani siriri kuwa ya taɓa ta kamar da wasa, sai raga. Dalili shi ne ƙarfin bugu daga ƙugu yake tasowa, ƙafa 'yar aike ce kurum.

Ku dubi mai bulalar dorina. Hannunsa kaɗan yake motsawa, amma bakin bulalar ido ba ya iya binsa. To, haka ƙafar ɗan Adam take. Da fari ƙugu ya juya, ya jawo cinya gaba, gwiwa tana lanƙwashe. Sa'an nan cinya ta sassauta, gudunta ya koma ga ƙwauri, ya fizgo ya miƙe. Wanda ya sandare gwiwa tun farko ya mai da bulalarsa sanda.

Haɗuwar ƙafa da tamaula ba ta wuce kamar kashi 1 cikin 100 na sakan guda ba. Cikin wannan ɗan lokaci tamaula takan loɓa, ta koma daidai, ta tashi da gudun da ya fi na ƙafar da ta buge ta. Ashe ba abin da mutum zai iya gyarawa a sa'an nan, aiki ya ƙare tun kafin su haɗu.

Saboda haka ƙafar da aka dogara a kanta ita ce abin lura, ita ce kuma yara suka fi mantawa da ita. A dasa ta a gefen tamaula, yatsu na fuskantar inda ake nufi. In ta tsaya baya, jiki ya kishingiɗa, tamaula sai sama, 'yan kallo su yi ta dariya.

Kada kuma a buga da kan yatsa. Tun 1937 doka ta tsai da nauyin tamaula tsakanin oza 14 da 16, wannan kuwa ya fi ƙarfin babban yatsa. Mu da muka taso muna wasa ba takalmi bisa ƙasar hunturu mun san haka da farcenmu. A miƙe idon sawu, a ɗaure shi tamau, a buga da bayan ƙafa. 'Yan wasan Nijeriya da suka tafi Ingila cikin 1949 galibinsu ba takalmi suka yi wasa, duk da haka suka ci Marine 5 da 2 a karon farko.

Ranar da aka ba ku aji, ku ajiye tamaula tukuna. Ku sa yara su yi ta dasa ƙafa suna lilo da ɗayar, ku tsaya gefe kuna duban gwiwarsu.