Amsoshin Tambayoyinku: Haƙƙin 'Yar Aikin da Aka Riƙe wa Lada

Wata mai sauraro daga Argungu ta aiko da tambaya kan matsayin yarinyar da aka kawo aikatau daga Jamhuriyar Nijar, ta yi watanni tana wanke-wanke da shara da reno, amma aka riƙe kuɗinta.

Amsa ita ce, a fiƙihun Malikiyya wannan hulɗa ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki bisa lada sananne, kuma da zarar an yi aikin, ladan ya zama bashi a wuyan masu gida, ko 'yar aikin 'yar ƙasa ce ko baƙuwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta yi tanadin kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda.

Matsalar takan taso ne idan dillaliya, wato matar da ta kawo yarinyar, ita ke karɓar kuɗin, ko kuma uwargida ta ce tana tara mata na kayan ɗaki ba tare da shaida ko rubutu ba.

Ana iya fara kai kuka wurin mai unguwa ko Hisba, sannan kotun shari'a a Argungu ko Birnin Kebbi. Idan yarinyar ba ta kai shekara 12 ba, dokar hana safarar mutane ta 2015 ta haramta ɗaukarta aikatau, kuma hukumar NAPTIP ce ke bin irin wannan laifi. Lada dai haƙƙi ne, baƙunci ba ya soke shi.