Idan layi ɗaya na janareta ya mutu

Ikkilisiyoyi da dama sun haɗa kuɗi sun sayi janareta mai layi uku domin famfon rijiyar burtsatse ko injin niƙa. Daga baya sai a ja wuta zuwa majami'a, gidan fasto da ɗakin shan magani. Wata rana a tada inji, yana ƙara lafiya lau, amma gefe ɗaya na majami'a duhu, famfo kuma yana gurnani ya ƙi tashi. Me ya faru?

Bari mu fara da yadda aka yi janaretan. Wayoyi uku ne masu wuta ke fita daga cikinsa, sai ta huɗu da ake kira nutural. Tsakanin kowane layi da nutural akwai bolt 230, tsakanin layi da layi kuma kimanin bolt 400. Abin da muke yawan mantawa shi ne, ƙarfin da aka rubuta a jikin inji an kasa shi uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Janareta mai kVA 15 yana ba kowane layi kVA 5 ne kawai, wato kimanin amp 21. Hitar dafa ruwa mai wat 2,000 ita kaɗai tana cin kusan amp 9. Idan muka ɗora hita, dutsen guga, firji da lasifika a layi guda, koyil ɗin layin nan zai yi ta zafi, wutarsa ta ragu, alhali sauran biyun suna hutawa. Ƙarar inji ba za ta gaya mana ba, domin shi bai ji nauyin ya yi masa yawa ba.

Da zarar mun ga layi ya ɗauke, abu na farko shi ne mu kashe famfo da injin niƙa. Injin da aka yi domin layi uku, idan yana cikin aiki layi ɗaya ya mutu, ba ya tsayawa. Yana ci gaba da juyawa da layi biyu, yana jan wuta fiye da kima har koyil ɗinsa ya ƙone. Fito da famfo daga rijiya a kai shi gari a sake naɗi ba ƙaramin kuɗi ba ne, mata da yara kuma su koma ɗiban ruwa a rafi har sai an gama.

Sai a sauke dukan kaya daga kan janareta, mai gyaran wuta ya auna da mita a bakin inji. Idan layi ukun sun ba da kusan 230, janareta lafiyarsa ƙalau, laifin yana gaba. A bi waya daki-daki: bireka, fiyus, akwatin rarraba wuta, da duk inda aka yi haɗi. Sau da yawa noti ne girgizar inji ta sassauta, wurin ya yi zafi ya yi baƙi. Idan layi ɗaya ne ya gaza tun a bakin inji, a duba maɗaurin wayoyin, in ba nan ba to koyil ne. Idan kuwa duka ukun sun faɗi tare, ba mutuwar layi ba ce. A nemi laifin wajen na'urar daidaita wuta da ake kira AVR, ko gawayin inji, ko kuma gudun injin ne ya ragu.

Kada mu dogara da testa. Idan famfo yana haɗe, wuta tana iya zagayowa ta cikin koyil ɗinsa ta fito a mataccen layin, testa ta kama, mu ɗauka lafiya. Kada kuma mu ɗaura zaren waya a madadin fiyus da ya tsinke. Bai tsinke a banza ba. Duk wanda zai taɓa waya ko ya ɗaure noti, ya kashe inji tukuna.

Akwai wata alama da ta fi wannan haɗari: wasu ƙwayayen fitila su yi haske fiye da yadda aka saba, wasu kuma su dushe. Wannan nutural ce ta tsinke ko ta saki. Wutar layin da ba shi da kaya da yawa tana iya haurawa kusa da 400, ta ƙone firjin allurar rigakafi da cajar waya cikin ɗan lokaci. A kashe inji nan take, ko da ana tsakiyar sujada.

Bayan gyara, mu roƙi mai gyaran ya dawo a lokacin da aka kunna komai, misali daren taron zumunta, ya auna amp na kowane layi da mita mai kama waya. Idan ɗaya yana 20, wani yana 4, a ɗauke gidan fasto ko ɗakin shan magani a mayar kan mara nauyin. Ba lallai su zo daidai ba, su dai yi kusa da juna. A rubuta a murfin akwati wane gini ke kan wane layi, dattawa kuma su sanar a majami'a cewa duk mai son jan sabuwar waya ya fara ganin mai kula da inji.