Yadda Ake Gina Gidan da Iska Ke Ratsawa a Kurmi

Maginin da ya ƙware a Kano ko Damagaram, in aiki ya kai shi Legas ko Fatakwal, sai ya sake lale. A wajenmu bango mai kauri da 'yar ƙaramar taga su ne maganin zafi: soro ya shanye zafin rana, sanyin dare ya huce shi. A Kurmi dare ba ya yin wannan sanyin, ga laima a iska, gumi ba ya bushewa a jiki. Abin da ɗaki ke bukata a can shi ne iska ta yi ta wucewa.

Tun wajen awon fili ake farawa. A miƙe tsawon gidan daga gabas zuwa yamma, don hantsi da ranar la'asar su sami gajeren bango kawai. A ɗaga daɓe saboda ruwa. Kwano mai haske, a zazzago da bakinsa ya yi wa bango inuwa, a bar kafofi tsakaninsa da silin inda zafi zai fice.

Wajen taga ake gane gwani. A gaɓar tekun nan iska ta fi zuwa daga kudu maso yamma, don haka a bangon wannan ɓangaren ake buɗe mata hanya, a kuma buɗe mafita a bangon da ke kallonsa. Taga ɗaya, komai girmanta, ba ta jan iska. Mafitar ta ɗan fi mashigar faɗi, sai iskar ta ƙara gudu. Mashigar kuma a sauko da ita daidai tsayin gado. In ta yi sama, iska ta bi ta kan mai barci, shi yana ta jiƙa matashi. Na ga wani tsohon magini ya kunna takarda a tsakar ɗaki tun kafin a yi filasta, yana bin hayaƙin da ido, inda ya ga ya tsaya ya sa a fasa bulo a saman ƙofa.

Irin wannan hankali ne Maxwell Fry da Jane Drew suka zuba a gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, da bangayensu masu huji-huji kamar rariya. Abin takaici, yau masu gidan haya kan jera ɗakuna baya da baya don kuɗi, su bar ɗan haya da fanka da janareto.

Bayan an gama da taga, sai ragar sauro, farin fenti a waje, da bishiya a yamma.